Kasafin Wata Uku

Daren Alhamis muka ja ƙofar shago, muka bar taga.
Pantami ta yi shiru, sai ƙugin janareta.
Diddi ta share kan firji da gefen mayafinta,
ta shimfiɗa takarda mai gida-gida,
ta ce, Bappa, yau sai mun yi kasafi.

Na ce, shekara ashirin da shida
kaina ne littafina.
Ta ce, to kan ya yi furfura,
kuma banki ba ya karanta kai.

Oktoba. Nuwamba. Disamba.
Ta jera su kamar buhu uku da ba a zuba wa komai ba,
ta ce mu fara da abin da za mu sayar.
Na ce, wa ya san gobe?
Ta ce, bara ta ɗan sani, mu tambaye ta.

Bara ta ce Oktoba ta 'yan makaranta ce,
sabulu, madara, garin kwaki.
Nuwamba manoma sun kai wake Tudun Hatsi,
aljihu ya yi nauyi, sukari ya yi ƙafa.
Disamba kuwa ta Mama Rifkatu ce,
za ta taso daga Kaltungo
ta kwashe shinkafa da man gyaɗa na Kirsimeti,
ta biya rabi, rabi sai Janairu.

Wannan rabin, in ji Diddi, ciniki ne,
amma bai zama kuɗi ba tukuna.
Ta kai shi gefe da jan biro.
Ashe riba kan ƙoshi a takarda
aljihun tebur yana hamma.

Sai sari. Katan nawa na taliya daga Kano,
nawa za su kwana a kanta ranar ƙarshen wata,
kuɗin mota, kuɗin 'yan dako,
da abin da farashi zai yi mana muna barci.
Na ce ƙara goma bisa ɗari. Ta ƙara sha biyar.

Haya. Wuta, da muke biya ko ba ta leƙo ba.
Fetur. Albashin Manu. Haraji.
Ɓera ma ya samu layinsa,
shi da gwangwanin tumatir da ya kumbura.

Wajen sha ɗaya ta daina magana.
Ta danna kalkuleta, ta goge, ta sake dannawa.
Bappa, akwai rami.
Dubu arba'in da biyu kowane wata
suna fita ba su bar sawu ba.
Ko Manu ne?

Kar ki ɗauki alhakin yaro.
Na kalli buhun gishiri, bai taimake ni ba.
Na ce, mudun shinkafar Goggo Yelwa ran Juma'a,
tun da ɗanta ya tafi Fatakwal bai waiwayo ba.
Madarar tagwayen mai faci.
Shayin maigadin layi.
Alawar da ke bin canji zuwa tafin yara.
Da shafin bashin Malam Gidado
da na yaga ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Ta daɗe tana juya biro.
A makaranta, ta ce, ba a gaya mana sunan wannan ba.
Na ce, to bar shi a raminsa.
Ta ce a'a, abin da ba shi da layi shi ke cinye shago.
Ta buɗe masa wuri tsakanin fetur da haraji,
ta rubuta: Na Bappa, dubu talatin.
Na ce arba'in da biyu.
Ta ce talatin da biyar, kuma bana ba sabon firji.

Ƙasan shafi ya nuna abin da zai rage.
Ba zai sayi mota ba, ba zai sa a rufe ƙofa ba.
Na karɓi biron, na sa "in Allah Ya yarda" a kusurwa.
Ta ce shi ma ba ya cikin darasi,
amma ba ta goge ba.

Muka liƙa takardar kusa da kalanda.
Na kashe janareta.
Da asuba, kafin ta farka,
na auna wa Goggo Yelwa mudunta
har da tsororuwa.